Me Ya Kai Sinadarin Furostet Cikin Gwajin Mace?

[Allo: takardar sakamakon gwaji]

Ku dubi wannan takarda. Mu muka zana ta don misali, ba ta kowa ba ce, amma irinta ce ta tayar da ƙura a 'yan kwanakin nan. Ga jinsi nan a sama: mace. Ku gangaro ƙasa kaɗan. PSA, 0.01. Duk wanda ya taɓa raka mahaifinsa ko kawunsa asibiti ya san wannan gwaji na maza ne, mazan ma waɗanda furfura ta fara leƙowa. To ga shi a takardar mace, har da lamba a gabansa.

Fassara uku na ji mutane suna yi. Wasu sun ce ɗakin gwaji ne ya musanya jininta da na wani. Wasu sun ce ai shi ke nan, mata-maza ce. Na ukun su suka fi ba ni tsoro, masu cewa tunda an ga abin maza a jikinta, to namiji ya kusance ta, magana ta ƙare. Duka ukun wuri ɗaya suka yi tuntuɓe, kuma a wurin za mu daɗe yau. Sauran za mu bi ta kansu a guje.

Da farko, furostet. Sau da yawa za ku ji ana cewa kansar mafitsara alhali furostet ake nufi. Mafitsara jakar fitsari ce, kowa yana da ita, mace da namiji. Furostet kuwa ga shi nan, wannan ɗan ƙullutun da ke zaune a ƙarƙashinta, ya rungume bututun fitsari. Aikinsa zuba ruwansa cikin maniyyi, kuma a cikin ruwan akwai wani furotin. Maniyyi idan ya fito da kauri yake fitowa, kamar ya daskare. Wannan furotin shi ke yayyanka abin da ya daskarar da shi, cikin 'yan mintuna ya tsinke, ƙwayoyin haihuwa su samu sukunin iyo. Shi ne PSA. Ku lura, ba don kansa aka halicce shi ba. Almakashi ne mai aikin yau da kullum. Ɗan abin da ya zurare daga furostet ya shiga jini shi likitoci ke aunawa, domin idan furostet ya kumbura, ko ya kamu da ƙwayoyin cuta, ko kansa ta taɓa shi, zurarewar takan ƙaru.

Sunan ne ya jawo mana rigima. Harafin tsakiyar nan, S, a Turance yana nufin abin da ya keɓanta da wuri ɗaya. Wato suna cewa furostet kaɗai ke yin sa. Masu binciken da suka tace shi daga furostet a cibiyar Roswell Park da ke Buffalo a Amurka, a 1979, abin da na'urorinsu suka nuna musu ke nan. Shekara guda kafin nan, a 1978, George Sensabaugh, masanin binciken laifuka a Kalifoniya, ya ciro furotin ɗin daga maniyyi ya kira shi p30, yana neman abin da zai taimaka a shari'ar fyaɗe. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da gwajin jinin a 1986 don bibiyar masu kansar furostet, sannan a 1994 don neman cutar a jikin waɗanda ba a san suna da ita ba. Suna ya bi duniya, ya zauna daram. Ilimi ya ci gaba, suna bai motsa ba.

[Allo: zanen jikin mace, gefen bututun fitsari]

Yanzu ku dubi nan. A gefe da gefen bututun fitsarin mace akwai wasu ƙananan ƙullutai, masu buɗewa kusa da bakin bututun. Wani likita ɗan ƙasar Holan, Regnier de Graaf, ya yi bayaninsu tun 1672. Alexander Skene, likitan mata a Brooklyn, ya sake bayyana su a 1880, sai sunansa ya bi su. A cikin mahaifa, tun jariri bai bambanta ba, daga tushe ɗaya su da furostet suke tsirowa. Idan homon ɗin maza, wato sinadarin jiki mai fito da siffofin namiji, ya yi yawa, tushen ya girma ya zama furostet. Idan bai yi yawa ba, ya tsaya ƙarami. Shi ya sa masana da dama ke kiran su furostet ɗin mace kai tsaye, kuma suna yin PSA.

Akwai kuma abin da ni ya fi burge ni. Umarnin ƙera PSA a cikin DNA ba a kan kuromosom ɗin Y yake ba, wanda maza kaɗai ke da shi. A kan kuromosom na 19 yake, kuma kowane ɗan Adam yana da wannan guda biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Kowace mace tana ɗauke da umarnin. Abin da ke kunna shi homon ne, musamman na maza, kuma mace ma tana da nata ɗan kaso. Saboda haka da aka samu na'urori masu kaifin gani, sai aka riƙa cin karo da PSA a wuraren da ba a zata ba: a naman mama, a ruwan nono, a ruwan da jariri ke kwance a ciki, a fitsarin wasu mata. A 1994 Eleftherios Diamandis da abokan aikinsa a Toronto ta Kanada suka ba da rahoton samun sa a kimanin kashi 30 cikin 100 na ƙullutan kansar mama da suka duba. An yi ta fatan zai zama ma'aunin kansar mama. Bai zama ba. Har yau babu likitan da zai aika mace gwajin PSA don neman kansar mama.

To masu cewa mata-maza ce, kun ji. Mu sallame ku tun nan.

Ga wurin tuntuɓen. Mutane sun ɗauka gwaji tambaya ɗaya yake amsawa: akwai ko babu. Wannan gwajin tambayoyi biyu ne a cikinsa, kuma sai an amsa su tare. Nawa aka samu? A cikin wane ruwa aka samu?

[Allo: tankuna uku a jere]

Bari mu rage gudu a nan. Ga tankuna uku, kowanne lita 1,000. Na farko mu ce maniyyi ne. A maniyyi, PSA yakan kai kimanin miligiram 1 a kowace mililita, na wani ya ɗara, na wani ya gaza. Idan aka lissafa a wannan tanki, kilo guda ke nan. Ku dubi yadda ake juye shi, buhu ne ƙarami, sai an sa hannu biyu.

Tanki na biyu jinin namiji mai lafiya. A nan ma'aunin ya canja, an koma nanogiram, kuma nanogiram miliyan ɗaya ne ke yin miligiram ɗaya. Namiji mai lafiya yakan kasance a wajen nanogiram 1 a kowace mililita, kuma lambar da aka daɗe ana amfani da ita a matsayin iyakar fara damuwa ita ce 4. A tankin nan, miligiram ɗaya ke nan zuwa huɗu. Ga shi a kan yatsa. Ƙwayar yashi. Daga kilo guda zuwa ƙwayar yashi, bambancin ninki miliyan ne, a jikin mutum ɗaya.

Tanki na uku jinin mace. Ɗauki ƙwayar yashin nan ka farfasa ta gida ɗari, ko ma gida dubu, ka ɗauki ɓarɓashi ɗaya ka jefa. Mai ɗaukar mana hoto ya yi iya ƙoƙarinsa, ba abin da ya fito, don haka ku yi haƙuri ku kalli ruwa. Amma yana ciki.

Yana ciki, kuma tun fil azal yana ciki. Abin da ya canja idon na'ura ne. Gwaje-gwajen farko ba sa ganin abin da ya gaza kimanin nanogiram 0.1 a mililita. Jinin mace ya zo, na'ura ta duba, ta ce ban ga komai ba, mutane suka rubuta babu. Ban gani ba daban, babu daban. Daga baya aka ƙera gwaje-gwajen da ke gani har ƙasa da 0.01, kuma ba don mata aka ƙera su ba. An yi su ne don mazan da aka cire wa furostet saboda kansa, a gane da wuri idan cutar tana neman dawowa. Da aka ɗora jinin mata a kansu, ɓarɓashin nan ya bayyana.

Mu koma kan takardarmu. 0.01, nanogiram a mililita, a cikin jini. Tanki na uku ke nan. Ba shi da alaƙa da kusantar namiji ta kowace fuska, domin jini aka ɗiba daga hannu, kuma abin da jikinta ya ƙera aka auna. Wani lokaci ma za ku ga wata 'yar alama mai kama da bakin kibiya kafin lambar. Ma'anarta ƙasa da. Na'ura ce ke cewa iya nan idona ya tsaya, abin da ke ciki bai kai nan ba. Mutane da yawa sukan tsallake alamar su karanta lambar, su hana kansu barci.

To idan lambar mace ta yi sama sosai fa, ta shiga sahun maza? A nan masu zargin ɗakin gwaji suna da 'yar gaskiya, domin musanyar kwalba tana faruwa, kuma abu na farko da likita mai hankali zai yi shi ne a sake ɗiban jini. Akwai kuma mutanen da jininsu ke ɗauke da wasu sojojin garkuwa masu manne wa kayan gwajin su sa na'ura ta ga abin da babu, sai an canja nau'in gwaji a gane. Homon ɗin maza idan ya yi yawa a jikin mace, kamar a masu matsalar PCOS da ke rikita al'ada ta fito da gashi a haɓa, yakan ɗaga lambar, amma ɗagawa ce ta cikin tanki na uku, ba ta kai ta ga na biyu ba. Can ƙarshen layi akwai kansar ƙullutan Skene, wadda ba kasafai ake ganinta ba ko a manyan asibitoci. A mata ƙalilan da aka rubuta labarinsu, PSA ya hau, da aka cire ƙullutun ya sauko. Ra'ayina, mace lafiyayya ba ta da dalilin zuwa neman wannan gwaji, kuma idan ya shigo cikin jerin gwaje-gwajen da aka yi mata a dunƙule, ta kai wa likita takardar kafin ta kai wa 'yan uwa.

[Allo: auduga a kan tsinke, kwalba, katin gwaji]

Yanzu tambaya ta biyu, wane ruwa. A nan ne p30 na Sensabaugh ya dawo. Idan aka kawo wadda aka yi wa fyaɗe, ana goga auduga a gabanta ko a jikinta, ko a yanki ɗan ƙyalle daga tufafinta. Ana jiƙa shi a wani ruwa na musamman, a ɗiga ruwan a kan wannan kati. Duk wadda ta taɓa amfani da tsinken gwajin ciki ta san fasalinsa. Ruwa ya bi takarda yana tafiya. A hanya akwai dogarai masu riƙe da tuta mai launi, da sun ga PSA sai su cafke shi su ci gaba da tafiya tare. A gaba kuma akwai wasu dogaran da aka ɗaure a kan layi, su ma PSA suke jira. Suka kama shi, tutar ta tsaya a wurin. Tutoci suka taru, layi ya fito. Ɗaya layin na can sama shaida ce kawai cewa katin yana aiki.

Me ya sa ake amfani da shi a jikin mace, alhali mun gama cewa mace ma tana da PSA? Ku tuna tankunan. Katunan da aka fi amfani da su sukan nuna layi ne daga wajen nanogiram 4 a mililita. Ɗauki maniyyi ka tsarma shi da ruwa ninki 100,000, har yanzu yana da kimanin nanogiram 10, ya haye iyakar. Abin da jikin mace ke fitarwa a yau da kullum kuwa, bayan an jiƙa audugar an tsarma, galibi ba ya ko kusantar wurin. Dabarar gaba ɗaya a kan wannan tazara ta dogara. An ɗaga katangar yadda ɓarɓashi ba zai tsallaka ba, buhu kuwa ko an raba shi gida dubu ɗari zai tsallaka.

Kuma yana da ranarsa. Namijin da ba ya fitar da ƙwayoyin haihuwa, ko wanda aka yi wa aikin toshe hanyarsu, za a duba ruwansa a madubin likita har ido ya gaji ba a ga ƙwaya ɗaya ba. Furostet ɗinsa kuwa yana nan yana aiki, PSA yana fita yadda ya saba. Kafin wannan gwaji, irin waɗannan shari'o'i sukan yi wuya.

Masu binciken lafiya ma sun ara. A wani nazari da aka buga a 2009 kan mata a Zimbabuwe, cikin aikin rigakafin cutar HIV, an gwada PSA a audugar da aka goga, aka kuma tambaye su. Kusan rabin waɗanda aka samu PSA a jikinsu sun ce a kwana biyun da suka wuce ko dai ba su sadu da namiji ba, ko kuma da kwaroron roba aka yi. Kada ku yi saurin cewa ƙarya suka yi. Roba takan fashe ko ta zame ba a sani ba, mutum yakan rikita kwanaki, sannan ba kowa ke iya faɗa wa baƙo mai riƙe da biro sirrin ɗakinsa ba. Abin da masu binciken suka koya shi ne kada su dogara da tambaya kaɗai.

Amma kalmar galibi da na faɗa ɗazu, da gangan na faɗe ta, kuma a kanta nake so masu fassara ta uku su tsaya. Ruwan da wasu mata ke fitarwa daga ƙullutan Skene yana iya ɗaukar PSA mai yawa. Ruwan nono yana ɗauke da shi, yawansa ya bambanta daga mace zuwa mace. Fitsarin namiji baligi ma yana da shi, tunda ta tsakiyar furostet yake ratsowa. Saboda haka layi mai dishi-dishi a kan ƙyalle ba ya rantsuwa cewa maniyyi ne. Ƙwararren ɗakin bincike ba ya tsayawa a kan kati. Zai shafa samfurin a gilashi ya rina shi ya nemi ƙwayoyin haihuwa da idonsa, sannan a je ga DNA, wani lokaci a nemi na kuromosom ɗin Y musamman, tunda shi mace ba ta da shi. Katin ba ya faɗin sunan kowa. Ba ya faɗin da yarda aka yi ko da ƙarfi. Wannan aikin alƙali ne da shaidu da sauran hujjoji.

Juya shi kuma ta ɗaya gefen, wanda a ganina ya fi cutar da mutane. Layi bai fito ba, sai a ce ƙarya take yi. A jikin mace PSA na maniyyi ba ya daɗewa, cikin kwana biyu yawanci ya koma kamar ba a yi ba. Wanka yana rage shi. Idan an sa roba, ko ba a fitar da maniyyi ba, dama ba za a same shi ba. A busasshen ƙyalle kuwa yana iya shekaru. Shi ya sa ake roƙon wadda abin ya faɗa wa ta je asibiti da wuri, kada a wanke tufafin, a sa su a jakar takarda maimakon leda, domin leda tana riƙe danshi samfurin ya lalace. Zuwa da wuri yana da wani dalilin da ya fi shari'a ma: maganin kariya daga HIV cikin awa 72 ake fara shi.

[Allo: kati biyu gefe da gefe]

Saura abu ɗaya, kuma shi ne ya fi ba ni dariya ranar da na fara jin sa. Ku dubi katin hagu. Maniyyi ne tsantsa aka ɗiga masa, ba a tsarma ba. Layin gwaji bai fito ba. Katin yana cewa babu.

Ku tuna dogaran nan. Masu tuta adadinsu ƙayyadadde ne. Idan PSA ya zo da yawan da ya wuce misali, kaɗan ne daga ciki za su samu mai tuta ya riƙe su, sauran dubbai su kwarara gaba hannu rabbana. Su za su riga isa layi, su cika hannun dogaran da ke ɗaure, ba tuta ko ɗaya a tare da su. Masu tutar su iso su tarar ba masaka tsinke, su wuce. Layi ya tashi fari fat, saboda abin da ake nema ya yi yawa. Ma'aikacin da ya san aikinsa, idan ya ga tabo mai kama da maniyyi amma kati ya ce babu, ba ya rufe fayil. Zai ɗebi ɗigo ɗaya ya tsarma shi ninki ɗari ko dubu, ya ɗauko sabon kati. Shi ne na dama. Samfuri ɗaya ne da na hagu, ruwa kawai aka ƙara masa. Ku ba shi minti goma, ku zuba ido a wurin da kibiyar ke nunawa.